Mai Gilashi Ya Hau Keke

Babana ya shekara ashirin da shida yana yanka gilashin ido a ɗakin baya na wani shagon tabarau. Ba shi ke duba idon mutane ba, wannan aikin Likita ne, mai shagon. Shi nasa a miƙo masa takarda mai lambobi da firam ɗin da mutum ya zaɓa. Sai ya ɗauko gilashi mai faɗin bakin kofi, ya auna, ya ɗiga masa alama da jan alƙalami, ya kai shi bakin dutsen inji, ruwa na tsiyaya a kai, har gilashin ya zauna daram cikin firam. Ɗakin ba taga, sai wata 'yar kafa can kusa da rufi, inda haske ke saukowa wajen ƙarfe goma ya kwanta a kan teburinsa. Kowa Mai Gilashi yake ce masa, har Mama idan ya ba ta haushi.

Mu uku ya haifa, ni ce auta, kuma ni kaɗai na rage a gida lokacin da abin nan ya faru. Mutum ne marar yawan magana. Kana yi masa zance sai ka ga idonsa ya tafi wani wuri, ya bar ka da gangar jiki. Mama takan tafa hannu a gabansa ta ce, "Dawo, an iso tasha." Bas biyu yake hawa zuwa aiki, biyu a dawowa, kullum kujerar jikin taga, kuma kafin a fita unguwa ya yi barci. Da safe shayi cokali huɗu na sukari da rabin burodi. Da rana shinkafa tsibi guda da lemon kwalba mai sanyi. Haka tumbi ya fito masa a hankali, ba wanda ya lura da ranar da ya fara.

Shekarar da ya cika hamsin da uku, lambobin injinsa suka fara yi masa wasa. Yau ya gan su tar, gobe su narke kamar an ɗiga musu ruwa. Ya goge injin, ya canza ƙwan fitila, ya zargi kowa da komai ban da idonsa. Da tabarau uku suka dawo a mako guda, masu su na cewa jiri suke gani, Likita ya leƙo ɗakin baya ya ce, "Mai Gilashi, zo ka zauna a kujerar nan."

Bai taɓa zama a kujerar ba. Likita ya haska masa ido ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye fitilar.

"Kana yawan jin ƙishirwa?"

"Zafi ne ake yi, Likita."

"Fitsari fa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Likita ya ce:

"Ba tabarau kake buƙata ba. Gobe kada ka karya, ka wuce asibiti a auna maka sukari."

Aka auna, aka ce ciwon sukari ne, kuma ya jima a jikinsa. Ranar ya dawo gida tun da sauran rana, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Ba mutuwa yake tsoro ba. A shagon nan ya sha jin muryoyin masu sukarin da suka bari ya ci musu ido, ana jawo su da hannu, Likita na gaya musu a hankali cewa babu gilashin da zai taimaka. Ya ɗaga hannunsa yana kallon layukan tafinsa kamar mai yi musu sallama.

A asibitin akwai wata dattijuwar nas mai murya kamar ta shugabar makaranta. Ni na raka shi ranar da ta zaunar da mu. Ta zana da'ira a bayan kati ta raba ta gida biyu, ta sake raba ɗaya.

"Wannan faranti ne. Rabin nan ganye da kayan lambu, kabeji, karas, duk abin da ya samu. Nan kifi, ko ƙwai, ko wake. Wannan ɗan lungun shi ne na shinkafa."

Baba ya karkata kai ya dubi lungun. "Sista, wannan ai na kyanwa ne."

"To kyanwa ta fi ka lafiya. Lemon kwalba kuma ku yi bankwana. Sai motsa jiki, ko da rabin awa ne a rana."

"Ina na ga lokaci? Ƙarfe shida nake fita, sai bakwai na shigo."

"Da me kake zuwa aikin?"

"Bas biyu."

"Nisan nawa ne?"

"Bai fi kilomita tara ba. Cunkoso ne ke cinye lokacin."

Nas ta dube shi ta saman tabaraunta, ta ci gaba da rubutu. Na ga idon Baba ya yi tafiyar nan tasa.

A sitonmu akwai keke rataye a kan ƙusa biyu, bayan tsofaffin bokitai. Na yayansa ne, wanda muke kira Baba Babba, mai raba wasiƙu, da ya rasu tun ina firamare. Baƙin keke ne mai giya uku da kwando a gaba. Ranar Asabar Baba ya sauko da shi, ya tsaya a tsakar gida yana share ƙura da tsohuwar singileti. Ya ce mini yana ɗan shekara bakwai yayan nasa ke ɗora shi a kan sandar gaba su gangara wani dogon titi mai itatuwa, inuwa da rana suna wucewa ta fuskarsa ɗaya bayan ɗaya, har ya rufe ido ya ɗauka tashi suke yi sama. Ya ce ya manta da wannan sam, sai da ya taɓa hannun keken.

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Wai me nake gani? Da furfurarka? An ce ka rage shinkafa, ba a ce ka karya ƙugu ba."

"Gwadawa zan yi, Maman yara."

"To ka gwada kusa da gida, inda za mu iya kwaso ka."

Mai faci na bakin kwanarmu, wani siririn dattijo da kullum hannunsa baƙi ƙirin da man inji, shi ya canza tayoyi da birki ya wanke sarƙa. Ya sa Baba ya hau, ya ja baya yana kallonsa, ya girgiza kai.

"Sirdin ya yi ƙasa, gwiwarka za ta gaya maka. Bari in ɗaga. Kuma ji nan, Mai Gilashi, ba tsere kake da kowa ba. Idan kana tuƙi ba ka iya gaida mutum sai da haki, ka yi sauri da yawa. In ka ga tudu, ka sauko giya ta ɗaya, ƙafa ta yi ta juyawa da sauƙi. Masu taka feda da ƙarfin tsiya su ne abokan cinikina."

Ranar farko minti goma ya yi a layinmu, ya dawo yana numfashi kamar wanda aka biyo, ya kwanta a tabarma ya ce ƙafafunsa na wani ne. Ya huta kwana guda ya sake. Mako na uku yana zagaya unguwa sau biyu. Bayan wata ɗaya da rabi ya fara kaiwa tashar bas ta biyu, ya bar keken wurin wani mai gadi da suka saba gaisawa, ya ƙarasa a mota. A gida kuwa Mama ta sayi faranti ƙarami ba ta gaya wa kowa ba. Cokalin sukari ya sauka daga huɗu zuwa biyu, zuwa ɗaya, har ya ɓace. Ya kwana bakwai yana shan shayin yana yamutsa fuska, rana ta takwas ya ce ashe ganyen shayi na da ɗanɗano nasa na kansa. Kowane maraice yakan zauna ya cire safa ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu da ɗan madubi, kamar yadda nas ta ce, domin mai sukari yana iya jin rauni bai sani ba.

Sai ya fara kawo mana labarai, mutumin da da ba ya kawo komai sai gajiya. Wai akwai gidan burodi a bayan makarantar 'yan mata da ƙamshinsa ke riga ka shan kwana. Wai akwai wani tela da ke buɗe shago yana rera waƙa da allura a baki. Wai a ƙarƙashin gada akwai fararen tsuntsaye da ke tsayawa da ƙafa ɗaya a cikin ruwa, ba sa ko kula motoci. Shekara ashirin da shida yana wuce su yana barci.

Abu ɗaya ya gagare shi, tudun da ke bayan gadar. Ko da ya fara kaiwa har shago da keken, a gindin tudun nan sauka yake ya tura, masu babur na wuce shi suna masa hon.

Wata Talata a watan huɗu ya makara. Ya haɗiye ƙwayoyin maganin sukarinsa biyu da ruwa, Mama na kiransa ga ƙwai ga wake, ya ce zai ci a shago. A ransa ma yana ganin hawan keke da yunwa zai fi saurin sauke sukarin. Ya sauke shi kuwa.

Ya ce daf da gada ya fara jin wani irin sauƙi, kamar keken ya bar ƙasa. Ƙarar motoci ta koma can nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Gumi mai sanyi ya jiƙa masa riga, hannunsa na rawa a kan birki, amma abin bai dame shi ba. Ruwan ƙarƙashin gadar ya yi fari fat, tsuntsayen suka zama biyu-biyu, ya ga wani mai baƙin keke a gabansa yana tafiya a hankali, yana ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba. Ya so ya kira shi, harshensa ya ƙi. Allah ya sa ya sauke ƙafa ya jingina da ƙarfen gada, ya zame ya zauna a ƙasa.

Wata mata mai sharar titi, da rigar aiki mai launin lemo, ta ajiye tsintsiyarta ta tsuguna a gabansa.

"Baba, lafiya? Baba, kalle ni. Kana da sukari?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka sha magani ba ka ci abinci ba, ko? Duk halinku ɗaya."

Ta kwance jakarta ta fito da ɗan ƙullin sukarin da take sa wa shayinta, ta zuba cokali uku a murfin fulas, ta kaɗa da ruwa. Baba ya kau da kai. Ya ce yana ji a ransa wata huɗu ke nan bai taɓa sukari ba, ba zai ɓata yau ba.

"An hana ni," ya ce da ƙyar.

"Yau an ba ka. Sha. Maigidana shekara tara yana fama da shi, na san wannan gumin."

Ya sha. Ta zauna a gefensa a bakin titi tana kore masa ƙuda, ba ta bar shi ya miƙe ba sai da minti goma sha biyar suka wuce. A hankali ƙarar motoci ta dawo kusa, tsuntsayen suka koma ɗaya-ɗaya, gaban gadar kuma ba kowa sai wani mai tura kura. Ta gutsura masa burodinta ta tsaya a kansa har ya cinye, sannan ta karɓi wayarsa ta kira lambar da ke sama, wato tawa.

Mama ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Ta ɗauki keken da kanta ta mayar sito ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zanenta. Kwana uku Baba na hawa bas, yana zaune jikin taga ido biyu. Rana ta huɗu muka koma asibiti mu uku.

Nas ta saurari labarin har ƙarshe, ta juya ga Baba. "Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan aikinta sauke sukari ne, ko ka ci ko ba ka ci ba. Ka haɗa ta da yunwa da keke, me kake jira?" Ta juya ga Mama. "Ke kuma Hajiya, ba keken ne ya kayar da shi ba. Dubi awonsa na wata uku, ya sauko sosai. Keken nan magani ne, shi ya sa sai an san yadda ake shan sa."

Likitan asibitin ya rage masa ƙwayar. Nas ta jero masa sharuɗɗa. Ba fita sai an karya. Ya huda yatsa ya auna kafin ya hau, in ya yi ƙasa ya ci wani abu ya jira. Gorar ruwa a kwando. Wani abu mai zaƙi a aljihu kullum, ba don kwaɗayi ba. In ya ji rawar hannu ko gumi mai sanyi, ya tsaya nan take, ba sai ya kai inuwa ba.

Washegari da hantsi na sami Mama a kan keken ɗinki tana haɗa wata 'yar jaka da ragowar yadin labule. Ta sa dabino biyar a ciki, da ƙullin sukari, da kati mai sunan ciwonsa da lambar wayarta, ta ɗaure jakar a ƙarƙashin sirdi da kanta. Ta miƙa masa makullin sito.

"In ka sake fita ba ka karya ba, Mai Gilashi, 'yan gwangwan zan sayar wa keken nan."

Daga nan abin ya daidaita. Da safe ƙwai ko wake da yanki ɗaya na burodi mai dusa. Da rana abin da Mama ta zuba masa a kula, da 'yar gyaɗa ta la'asar kafin ya kamo hanya. Kwana huɗu a keke, Laraba a bas don ƙafa ta huta. Bel ɗinsa ya koma baya huda biyu. Lambobin inji suka tsaya wuri ɗaya. Duk safiyar da ya hau keke yakan tsaya a gada su gaisa da mai shara, ta tambaye shi, "An karya?" ya ce, "An karya," ta ce, "To wuce."

Tudun kuwa bai san ranar da ya ci shi ba. Wata safiya an yi yayyafi, titi na sheƙi, yana tafe yana tunanin wani firam mai wuyar sha'ani da ya baro a tebur, yadda zai rage gefen gilashin ba tare da ya tsage ba. Da ya dawo hayyacinsa sai ya gan shi a gaban kantin magani da ke can saman tudun, ƙafarsa na juyawa a giya ta ɗaya. Ya tsaya ya waiwaya. Ya ce har ya ji haushi kaɗan, wata shida yana jiran abu, ya zo ya wuce ba ya nan.

Bayan shekara guda wata mata ta zo shago karɓar tabarau ɗin mahaifiyarta. Tsohuwar an yi mata aikin yanar ido, ba ta iya tafiya mai nisa, suna zaune can ƙarshen gari bayan kamfanin bulo. Likita ya ce tabarau irin wannan sai an daidaita shi a fuskar mai shi. Matar ta tsaya tana tunanin yadda za a ɗauko tsohuwar, sai aka ji murya daga ɗakin baya, "Zan kai mata ranar Asabar."

Kilomita goma sha shida ne. Ya karya da kyau, ya auna, ya naɗe akwatin tabarau da 'yar filayarsa a tawul ya sa a kwando. Ya tsaya sau biyu a hanya, ya sha ruwa, ya ci ayaba ɗaya a inuwar wani shago. Kwalta ta ƙare, ya bi turɓaya tsakanin gonakin kayan lambu, iska na kawo masa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya sami tsohuwar a kan kujera a ƙofar ɗaki, hannuwanta a cinya. Ya gaishe ta ya durƙusa, ya sa mata tabarau, ya cire, ya lanƙwasa hannun firam ɗin kaɗan a bayan kunne, ya sake sa mata. A duk shekarun aikinsa bai taɓa ganin gilashinsa a fuskar mai shi ba, yakan miƙa ta ƙofa ne a wuce da shi gaba.

Tsohuwar ta ƙifta ido. Ta ɗaga kai ta dubi bishiyar lemon tsami da ke tsakar gidan, ta daɗe tana kallo, bakinta na motsi.

"Ashe ta yi 'ya'ya," ta ce. "Ba wanda ya gaya mini."

Ta dubi bayan hannunta, ta dubi 'yarta, sannan ta sauko da ido kan Baba da ke durƙushe a gabanta da filaya. Ta ƙare masa kallo tun daga furfura har takalmi.

"Kai ne ka zo a keke? Na ji ƙararrawa na ɗauka wani saurayi ne. Ashe tsoho ne ɗan'uwana!"

Baba ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Suka kawo masa abinci faranti cike, ya ci ɗan gefe ya ce musu yana da sukari. Tsohuwar ta ce to ba za a tilasta shi ba, amma ba zai fita gidanta hannu rabbana ba. Ta miƙe da sandarta, ta taka har gindin bishiyar ba wanda ya riƙe ta, ta zaɓo lemon tsami da idonta, ɗaya bayan ɗaya, har ta cika masa kwando.

Ciwon bai tafi ba, kuma an gaya masa ba zai tafi ba. Yana shan ƙwaya ɗaya yanzu, yana zuwa awo duk wata uku. Amma tun daga wannan Asabar ɗin, duk tsoho ko marar lafiyar da ba zai iya zuwa shago ba, Likita yakan rubuta kwatancen gidansa a takarda ya ajiye a teburin ɗakin baya. Lemon tsamin kuwa mun yi mako biyu muna matsa shi a kan kifi da kabeji, har Mama ta raba wa maƙwabta.